A Dakata da Sa Hannu: Gargaɗi kan Wayar Ofis ta Intanet a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk mai riƙe da alƙalamin sa hannu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko asibiti, ko makaranta, ko ofishin ƙungiyar manoma a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ina roƙonsa ya dakata tukuna idan takardar da ke gabansa ta kwangilar wayoyin tebur masu aiki da intanet ce. Ba kayan banza ba ne. A Abuja da Legas da Kano suna rage wa ma'aikatu kuɗin kira ƙwarai da gaske. Sai dai an ƙera su ne bisa zaton cewa wuta da sabis ba sa yankewa, mu kuwa a wannan yanki su ne abubuwa biyun da ba mu kwana da tabbacinsu. Akwai kuma na uku da ya fi su haɗari, wanda mai talla ba ya kawowa a bakinsa: idan aka girka su da ganganci, wanda ba ya cikin ɗaki zai iya jin abin da ake faɗa a cikin ɗakin.

Ba sai an je da nisa neman misali ba. A ƙarshen watan Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu. A farkon Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a jihar Zamfara baki ɗaya. Cikin 'yan kwanaki abin ya tsallako Katsina, ƙananan hukumomi 13 suka wayi gari babu sabis, cikinsu har da Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Bakori, Funtuwa da Malumfashi. Umarnin bai ware kamfani ɗaya ba, kan kowa ya hau. Mutumin Sabuwa da ke sa ran ya leƙa ɓangaren Kaduna ya sami layi, a ƙarshen watan aka kashe na Birnin Gwari da Giwa. Masu POS suka rufe rumfuna. Aka koma rubuta wasiƙa ana ba direba a tasha, matasa na hawa kan duwatsu suna ɗaga waya sama ko Allah zai sa ta cafko sanda ɗaya daga wani gari mai nisa. Da aka fara maido da sabis a watan Disamba, su Funtuwa, Malumfashi, Bakori da Ɗandume aka fara buɗe wa. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin waɗanda aka ce su ƙara haƙuri.

Ban kawo wannan don jayayya da matakin ba. Wanda ya ga yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020 ya san irin halin da ke tura gwamnati ga haka. Abin da nake so a riƙe shi ne, hukumar da ta kashe sabis sau ɗaya saboda tsaro tana iya sake kashewa, kuma ba za ta aiko da takardar gargaɗi ba, domin sanarwar kanta ɓata shirin ce. Duk tsarin wayar da za a saya a nan, da wannan ranar ya kamata a auna shi.

Wayar tebur ta intanet ba ta da wayo ita kaɗai. Tana bukatar akwatin da ke rarraba kira, wanda masu sana'ar ke ce wa PBX. Shi ya san cewa lamba 101 ta ɗakin haihuwa ce, 102 ta ɗakin magani, 103 ta mai gadi. Tambaya ta farko, wadda komai ya rataya a kanta, ita ce: a ina akwatin nan zai zauna? Iri ɗaya ana ajiye shi a cikin gininku, ƙaramin ƙarfe ne da bai fi littafin rajista girma ba, irin waɗanda Yeastar da Grandstream ke ƙerawa, ko kwamfutar da aka ɗora wa Asterisk ko FreePBX. Iri na biyu kuwa babu akwati a wurinku sam, ƙwaƙwalwar tana cikin kwamfutar wani kamfani a Legas, ko Ingila, ko Amurka, ku kuna biyan haya wata-wata. Na biyun shi ɗan kwangila ya fi son sayarwa, don ba shi da wahalar girkawa, kuma kuɗinsa ba ya ƙarewa. Amma a irinsa, idan unguwarzoma ta ɗaga waya za ta kira ɗakin magani da ke taku ashirin daga inda take tsaye, sai kiran ya nemi izini daga waccan kwamfuta mai nisa kafin ya shiga. Ranar da aka kashe turke, wayoyi goma sha biyu za su zauna a kan tebura da fitilunsu a kunne, babu wadda za ta iya kiran maƙwabciyarta. Da akwatin yana cikin gini, ko duniya ta yanke, kiran cikin gida zai ci gaba da tafiya. A Faskari wannan bambanci ba na ado ba ne. Ga asibitin da aka kawo wa masu rauni da tsakar dare, shi ne bambancin ɗaga waya da gudu a cikin duhu ana neman likita.

Dattawan da suka yi aiki da layin NITEL za su tuna cewa ko an ɗauke wuta wayar tana ƙara, saboda lantarkinta ta cikin igiyar take zuwa daga ofishin waya, inda ake da manyan batura. Wannan ni'ima ta wuce. Wayar yanzu a gininku take shan wuta, ita da akwatinta, da na'urar da ke haɗa igiyoyinta, da rautar da ke kawo intanet. Wuta ta ɗauke, duka sun mutu. A watan Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, kamfanin raba wuta na KEDCO ba shi da abin rabawa. Kada kuma a ce ai akwai janareta. Dokar da ta zo gab da kashe sabis a 2021 ita ce ta hana fetur a jarka, janareta kuwa ba a tuƙa shi zuwa gidan mai. Abin farin ciki, kayan ba su da ci: wayar tebur ba ta kai wat 10 ba, akwatin ma kaɗan yake sha. Ƙaramin faifan sola da batir mai kyau, nasu na kansu da ba a jona wa firji ko fanka ba, ya isa ya riƙe su dare da rana. Kwangilar da ba ta da wannan a ciki rabin kwangila ce.

Za a ce muku an sa layi biyu, idan MTN ta faɗi Airtel ta ɗauka. Ku tambaya ko layukan biyu a kan turke ɗaya suke. Yawancin turakun ƙasar nan ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanoni ne irin IHS da ke ba su haya, kuma sau da yawa ƙarfe ɗaya ke ɗauke da eriyar kamfani biyu ko uku. Idan motar dizal ta kasa shiga saboda hanya ba lafiya, tare za su yi shiru. Matsalar ma ba sai ta faro daga dajinmu ba. Ranar 28 ga Fabrairu 2024 yankewar igiyoyin faiba ta hana miliyoyin masu MTN kira na tsawon sa'o'i. Ranar 14 ga Maris na wannan shekara igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, har bankunan Najeriya suka rikice. Ofishin da ƙwaƙwalwar wayarsa ke Turai, abin da ya faru a ƙasan teku yana iya hana shi kiran ɗakin da ke kusa.

Tauraron ɗan'adam hanya ce ta daban da gaske, tunda ba ya bi ta turke. Tsohon iri, mai tsayuwa a nisan kilomita 35,786, yana sa murya ta yi jinkirin fiye da rabin daƙiƙa kafin amsa ta dawo, alhali ƙungiyar sadarwa ta duniya ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa. Shi ya sa masu magana ke ta cin karo da juna. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2023, yana shawagi a kusan kilomita 550, muryarsa ba laifi. Amma a yi hattara da abu uku. Yana shan wuta fiye da duk wayoyin ƙaramin ofis a haɗe. Farantinsa a kan rufi yana shela wa kowa cewa ginin nan yana magana da waje. Kuma ko ya kai kiranku Katsina ko Abuja, ba zai kai shi ga mai unguwar da ke ƙauye riƙe da ƙaramar wayar hannu ba, matuƙar turken garinsu a kashe yake. Tsakanin sakatariya da ƙauyuka, oba-oba mai lasisi ta fi kowace wayar intanet amfani a irin wannan rana. Maganar amfani da tauraro lokacin da hukuma ta kashe sabis da gangan kuwa, a zauna da jami'an tsaro a daddale ta tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi.

Ka ɗauki ɗaya daga cikin wayoyin nan ka kifa ta. A bayanta akwai 'yar farar takarda da aka manna, da lamba mai harufa da alƙaluma 12, an rubuta MAC a gefenta. Wannan ita ce sunan yankan wayar. Da zarar an jona mata wuta, kafin ta yi komai, sai ta tafi wani adireshi ta ce ga sunana, a ba ni takardata. Takardar nan fayil ne ɗan ƙarami, a cikinsa akwai lambar ofishin da za ta ɗauka, da adireshin akwatin da za ta yi wa biyayya, da kalmar sirrinta, wani lokaci har da jerin sunaye da lambobin duk ma'aikata. Da haka injiniya ke saita waya hamsin ba tare da ya taɓa maɓallin ko ɗaya ba, kuma dabara ce mai kyau. Haɗarin yana wurin da aka ajiye fayilolin. Idan an bar su a buɗe a intanet, ba kulle ba tantancewa, ko ana aiko su ta tsohuwar hanyar TFTP da ba ta ɓoye komai, to duk wanda ya san lambar bayan wayar, ko ya canko ta, shi ma zai miƙa hannu a ba shi. Cankowar ba wuya, domin rabin farko na lambar na kamfanin da ya ƙera ne, sananne ne ga kowa. Wanda ya shigo ofis gaisuwa ma, ɗaukar hoton bayan waya bai fi ƙiftawar ido ba.

Ƙari a kan haka, wayoyi da yawa suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, sau tari admin ce sunan, admin ce kalmar. Kamar ka sayi kwaɗo ne a kasuwa, alhali duk kwaɗon da ke kan teburin mai kaya mabuɗinsu ɗaya. Injiniyan da ke sauri ya kama hanyar Funtuwa kafin la'asar ta yi sanyi, don ba mai son dare ya same shi a hanyar nan, shi ne zai bar ta yadda ta zo, ya ce zai dawo ya gyara.

Wanda ya shiga saitin waya yana iya karkatar da kiranta zuwa wata lamba. Yana iya ganin wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, na minti nawa. Idan tsarin yana naɗar murya, yana iya sauke naɗin. Yana kuma iya umartar wayar ta riƙa amsa kira da kanta, ba ƙara, lasifika a buɗe, sai ta zauna shiru a kan teburin taro tana miƙa masa duk abin da ake faɗa. Muryar da ke yawo a igiya ma, idan ba a kunna ɓoyewa ba, wato TLS da SRTP, wanda ya sami jona kwamfutarsa a layin ofis zai iya tattara ta da manhajar kyauta irin Wireshark ya saurara kamar rediyo. A Legas asarar irin wannan kutse ta kuɗi ce ko ta sirrin ciniki. A nan fa? A ɗakin da ciyaman da hakimi da DPO da kwamandan askarawan tsaron al'umma, waɗanda Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023, ke tsara ta inda sintiri zai bi gobe. A ofishin da ake faɗin ranar da kuɗin albashi ko taki zai iso. A lambar da wani bawan Allah ya kira a ɓoye ya ce ya ga babura sun nufi gari kaza, sunansa da lokacin kiransa suka zauna a rajista. Yankin da kowa ke kuka da infoma bai kamata ya sayo wani da kuɗin jama'a ya ɗora a kan tebur ba. Ban ce ɗan bindigar da ke daji zai zauna gaban kwamfuta ba. Ba ya bukata. Yaro ɗaya mai wayo a gari, da aka ba 'yan dubbai, ya wadatar.

Kada kuma a ce ai kamfanin babba ne, ba a shiga masa. A watan Maris 2023 aka gano an cusa muguwar manhaja a cikin manhajar kira ta 3CX, wadda kamfanoni a faɗin duniya ke amfani da ita, masu bincike suka danganta aikin da 'yan kutsen Koriya ta Arewa. Tsarin da ba wanda ke sabunta shi, ba wanda ke bibiyar labarinsa, tsufa yake yi da ramukansa a buɗe.

Ɓarayin kira su ba ruwansu da ko kai wane ne. Kwamfutocinsu na zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 5060, wadda wayoyin nan ke magana ta cikinta. Suka sami akwati a buɗe, sai su fara gwaji: lamba 100 da kalmar sirri 100, lamba 101 da 1234. Suka dace, sai su jira daren Juma'a bayan an tashi aiki, su buɗe kira goma ko ashirin a lokaci guda zuwa lambobi masu tsada a ƙasashen waje, waɗanda suke da kaso a kuɗinsu. Ranar Litinin akanta ya tarar da bashi. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a toshe kiran ƙasar waje gaba ɗaya, a riƙa biya kafin amfani da ƙayyadadden kuɗi, a rufe ƙofar ga kowa sai adireshin kamfanin da ke ba da layi. Amma sai an faɗa, an kuma rubuta a kwangila.

Sauran maganar ta mallaka ce. Yawancin ofisoshinmu za su fita waje ne ta akwatin da ake cusa wa layukan SIM. Da sunan wa aka yi musu rajista? Idan da NIN ɗin ɗan kwangila ne, ko na wani ma'aikaci da gobe za a yi wa canjin wurin aiki, to lambar da kuka buga a allo kuka raba wa jama'a ba taku ba ce. Mun ga yadda aka hana miliyoyin layuka kira a Afrilu 2022, aka sake rufe wasu a 2024, saboda rashin haɗa su da NIN. A yi rajistar da sunan ma'aikata. Haka lasisin manhaja: idan da dala ake sabunta shi duk shekara, a tuna dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon Yuni 2023, kafin Fabrairu 2024 ta fita ta haura 1,500. Wayoyin gwanjo kuma, masu arha a Farm Centre ko Ikeja, wasunsu har yanzu lambarsu na rajiste a wurin masana'anta da sunan tsohon mai su, ko an wanke su tas, suna ganin intanet za su koma neman umarni daga kwamfutarsa. Wasu na Cisco kuma ba sa aiki sai da akwatin Cisco. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin sirrin majiyyaci da na ɗalibi a wuyan ma'aikatar da ta tattara shi, ba za a karɓi uzurin cewa injiniya ne ya manta ba.

Idan ɗan kwangila ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama, saura cikon kuɗi," amsar ita ce, "Madalla, Injiniya, zo mu gwada." A gabansa a zare igiyar intanet, a ɗaga wayar ofis ɗaya a kira ɗaya. A kashe wutar gini da janareta, a bar tsarin a kan batir har wayewar gari. A buga 112 a ji ko ta shiga, kuma ina ta shiga, domin layin intanet ba lallai ya san kana jihar Katsina ba. A ce ya buɗe saitin waya ɗaya da admin, idan ta buɗe aiki bai ƙare ba. Sannan ya zauna da ma'aikaci ɗaya amintacce ya koya masa ƙara waya da cire ta, ma'aikacin ya canza manyan kalmomin sirri da hannunsa, a rubuta su a rufe a ambulan a ajiye wurin shugaban ma'aikata. Idan injiniya na bukatar shiga daga nesa don gyara, ku za ku buɗe masa, ku rufe idan ya gama. Injiniyan kirki ba zai ji haushin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, yawancinsu ma za su ji daɗi an sami mai tambaya. Wanda ya fara kame-kame, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Waɗanda kuma aka riga aka girka musu, kada a jira zaman kwamiti. Yau ɗin nan a zare wayar da ke ɗakin taron tsaro daga bango, a kashe naɗar murya, a toshe kiran ƙasar waje, a kira wanda ya yi aikin ya zo da jerin duk mutanen da ke da hanyar shiga tsarin. Wayar hannu ta ofis da layinta, da cajarta, da littafin lambobin hakimai da masu unguwanni da direban motar asibiti rubuce da biro, su zauna a aljihun tebur inda mai aikin dare zai iya kai hannu.